Daga Karofin Kura Zuwa Dirin Daji: Abin da Tarihin Masu Sana'a Ke Koya Mana

Gabatarwa

Duk ɗan garin nan da ya zauna a Kano ko Kaduna ya san cewa mai neman kaya a birni ba ya yawon gari, akwai unguwar da zai nufa kai tsaye. Mai neman atamfa ya nufi Kantin Kwari, mai neman hatsi ya nufi Dawanau, wanda injinsa ya lalace a Kaduna kuwa ya nufi Panteka. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare za a tarar da ɗaruruwan mutane suna sana'a iri ɗaya, rumfa na jingine da rumfa, kowa da jarinsa, kowa da yaransa. Mai kallo daga nesa zai zaci za su kashe wa juna kasuwa, amma taruwar tasu ita ce take jawo mai saye daga nesa, ita ce kuma take rage wa kowannensu wahala da tsada.

Masana tattalin arziki sun daɗe da lura da wannan. A shekarar 1890 wani masani Bature ɗan ƙasar Ingila mai suna Alfred Marshall ya bayyana fa'idodi uku da masu sana'a ɗaya suke samu in sun zauna wuri ɗaya: ƙwararrun ma'aikata suna taruwa a wurin, masu kawo kayan aiki da masu gyara suna biyo su, sannan duk dabarar da mutum ɗaya ya gano ba ta daɗewa take zama ta kowa. A yau ƙasashe masu tasowa suna kashe maƙudan kuɗi don su samar da irin wannan gungu na ƙanana da matsakaitan masana'antu. Sai dai tun kafin a haifi Marshall ƙasar Hausa ta san wannan tsari, ta kuma ci moriyarsa. Manufar wannan maƙala ita ce mu waiwayi wancan tarihi, mu ga abin da ya ɗaga shi da abin da ya kayar da shi, domin mu san inda za mu sa ƙarfinmu a kan Dirin Daji.

Kano da Tufafinta

Kasuwar Kurmi ta kafu ne a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma ana danganta marinar Ƙofar Mata da shekarar 1498. Amma sana'ar tufafi ba ta kai ganiyarta ba sai a ƙarni na 19, bayan jihadin 1804, lokacin da garuruwa masu yawa suka shiga ƙarƙashin daula ɗaya, hanyoyin fatauci suka buɗe, masaƙa da marina daga wurare dabam-dabam suka yi ta kwarara zuwa ƙasar Kano.

A shekarar 1851 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka a Kano. Ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga Kano a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ya kuma faɗi cewa suna kaiwa har Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, da Tambutu ta yamma. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne duk wannan aiki ba a cikin wasu manyan masana'antu ake yin sa ba kamar yadda ake yi a Turai. Iyalai ne suke yi a gidajensu da unguwanninsu, suna ci da kansu.

Bari mu bi turmin zane ɗaya mu gani. Manomi ya noma auduga da baba. Mata a cikin gida suka gurje audugar, suka shiɓe ta, suka kaɗa zare. Masaƙi ya saƙa sawaye 'yan sirara, maɗinki ya haɗa su. Daga nan sai karofi, inda marini zai zuba baba da toka da katsi a rijiyar rini, ya yi kwanaki yana motsawa da muciya har ruwan ya nuna, sannan ya yi ta tsoma zanen yana fitarwa har ya kama. Daga karofi sai mabuga, inda 'yan bugu za su barbaɗa masa shuni su buge shi a kan gungume har ya riƙa ƙyalli. A ƙarshe dillali ya kai shi gaban mai saye. Hannu bakwai ko takwas ke nan, babu wanda yake yaron wani, amma babu wanda zai ci abinci in ɗaya ya zauna.

Garin Kura, kudu da birnin Kano, shi ya fi shahara da wannan aiki, har sunansa ya koma sunan kaya. Baƙin zane mai ƙyalli da Buzaye suke naɗawa, ɗan Kura ake ce masa, kuma mai saye a Agadas da ya ji wannan suna ya san abin da zai samu.

Abin da Ya Riƙe Karofi

Abubuwa huɗu ne suka riƙe wannan gini. Na farko, kayan aikin duk na gida ne. Auduga da baba a gonakin yankin ake noma su, toka daga murhu take. Hatta shara ba ta zuba a banza: katsin da ya kwanta a ƙasan rijiyar rini akan kwashe shi a ƙona, a haɗa da dafara da gashin da majema suka kankare daga fata, a sami laso, wanda da shi ake shafe sabuwar rijiya don kada ta tsiyaye. Sharar majemi ta zama jarin marini.

Na biyu, an yi tarayya a kan abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Da can a manyan tukwane ake rini. Da aka gano dabarar haƙa rijiya mai zurfi a shafe ta da laso, sai aka riƙa rina kaya masu yawa a lokaci ɗaya, kuɗin rini ya sauka. Amma rijiya tana son jari da ruwa a kusa, don haka aka riƙa haƙa su a jere a fili ɗaya, wanda ba shi da tasa ya yi haya, mai kawo baba da mai kawo toka su sauke kayansu wuri ɗaya.

Na uku, akwai mai tsaya wa baƙo. Fatoma shi yake sauke falke a gidansa, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in za a ba da kaya bashi. Babu banki, babu takardar yarjejeniya, mutuncin fatoma shi ne jingina. Na huɗu, kowace sana'a tana da shugabanta, kamar Sarkin Marina da Sarkin Maƙera da Sarkin Dillalai, masu raba gardama da tsawata wa mai algus, domin sun san cewa in mutum ɗaya ya ɓata aiki, sunan gari ne ya ɓaci.

Ƙasarmu a Wancan Zamani

Mai karatu zai iya tambaya, ina ƙasar Zuru take a lokacin da ake wannan hada-hada? Amsar tana da ɗaci, amma wajibi ne a faɗe ta. Wani ɓangare na audugar da babar da suka ciyar da karofin Kano bayi ne suka noma su a rumada da gandaye. Kuma a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, bayan Umaru Nagwamatse ya kafa Kwantagora, hare-haren kamun bayi sun addabi Kambari da Dukawa da Dakarkari da maƙwabtansu, har zuwa 1901 da Turawa suka ci Kwantagora. Jama'a da yawa sun koma kan duwatsu da cikin ganuwa don tsira da rai.

Kakanninmu ba su rasa sana'a ba. Sun yi ƙira, sun gina tukwane, sun yi saƙa da sassaƙa, kuma a wajen noman dawa an san su da ƙwazo. Sun kuma san aikin haɗin gwiwa, kamar yadda gayya da golmo suke shaida. Abin da suka rasa shi ne kwanciyar hankalin da za ta sa baƙo ya zo da dukiyarsa ya kwana, ya koma lafiya, ya sake dawowa baɗi. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sun yi ta ratsa ƙasar Yawuri suna haye Kwara, ribar hanya tana wucewa ta gefenmu. Da Turawa suka zo, abin da ƙasar Zuru ta shahara da bayarwa shi ne samari masu shiga soja. Tun daga lokacin muka saba fitar da abu biyu ɗanye, amfanin gona da ƙarfin 'ya'yanmu, wasu wurare su sarrafa su ci riba.

Faɗuwar Karofi da Zamanin Manyan Masaƙu

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911. Jirgin ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga da fata zuwa bakin teku, ya dawo da yadin Ingila mai araha. Tun a 1897 kuma kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. Karofi bai mutu dare ɗaya ba, ya yi shekaru yana jurewa, musamman da yake Buzaye ba su yarda da wani zane ba sai ɗan Kura. Amma sannu a hankali rijiyoyi suka yi ta cikewa da ƙasa, 'ya'yan marina suka kama wasu sana'o'i. Gungun da ya iya raba aiki da riƙon amana bai sami hanyar sabunta kayan aikinsa ba a lokacin da duniya ta sauya, kuma hukumar zamanin ɗanyen kaya take so, ba ta damu da ta taimaka masa ba.

Dab da samun mulkin kai aka ɗauki wata hanya dabam, wato gina manyan masana'antu. An buɗe masaƙar Kaduna ta farko a 1957, wasu suka biyo baya a Kakuri, aka kuma keɓe Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano. Dubban mutane sun sami aiki, ciki har da 'yan ƙasar Zuru. Sai dai injin daga waje yake, kayan gyaransa daga waje, sinadarin rini daga waje. Da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na 1986 darajar naira ta faɗi, wutar lantarki ta yi ƙaranci, yadin fasa-ƙwauri ya cika kasuwa. Tsakanin 2002 da 2007 manyan masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Babbar masana'anta in ta faɗi, da mutum dubu take faɗuwa rana ɗaya, kuma ma'aikacin da ya shekara ashirin a gaban inji ɗaya ba shi da abin da zai ɗauka ya tafi gida da shi.

Kura Ta Sake Tashi

Abin sha'awa shi ne garin da ya yi suna da rini ya sake yin suna da wata sana'a. Bayan an kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Da shinkafa ta yawaita, sai masu turara ta suka fito, galibinsu mata, masu ƙananan injinan casa suka jeru a bakin hanyar Zariya, masu walda da masu gyaran inji suka biyo su, haka masu buhu da masu awo da 'yan dako da direbobi. Gwamnati ruwa ta kawo, ba ta gina wa kowa rumfa ba, ba ta kuma zaɓi wanda zai yi casa ba. Tsarin da ya riƙe karofi shi ne ya dawo da sabuwar riga: amfanin gona na kusa, aiki a rarrabe, inji na haya ga wanda ba shi da nasa, da mai saye da ya san inda zai zo.

Darasi Daga Nnewi da Siyalkot

Akwai misalai biyu daga wajen ƙasar Hausa da suka shafe mu, mu mazauna birane. Na farko garin Nnewi ne a Jihar Anambra. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, 'yan garin da suke fataucin kayan gyaran mota a birane suka mayar da kasuwar Nkwo ta garinsu cibiyar wannan ciniki. A shekarun 1980, da shigo da kaya ya yi wuya, wasu daga cikinsu suka sayo injina daga Taiwan suka fara ƙera kayan da a da suke sarowa. Sun haƙa rijiyoyin burtsatse da kansu, sun sayi janareto da kansu. Yaron da ya yi wa maigida hidima shekaru akan sallame shi da jari, shi ma ya buɗe nasa. Sun fara sanin mai saye tukuna, sannan suka kafa masana'anta, kuma a gida suka kafa ta.

Na biyu birnin Siyalkot ne a Pakistan, inda ɗaruruwan ƙananan masana'antu suke ƙera kayan tiyata da ƙwallon ƙafa. A 1994 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta taƙaita shigar kayan tiyatarsu saboda rashin cika ƙa'idar inganci. Ba kowa ya yi ta kansa ba. Ƙungiyarsu ce ta nemi tallafin gwamnati, aka ɗauko ƙwararru suka koya wa masana'antun yadda za su cika sharuɗɗan, kasuwa ta dawo. Daga baya 'yan kasuwar garin suka tara kuɗi suka gina filin jirgin sama, aka buɗe shi a 2007. Wannan shi ne aikin Sarkin Marina a sabon zamani.

Ina Muka Dosa?

An ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, kuma Dirin Daji ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sakaba. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, manyan injinan casa suka tashi a Birnin Kebbi da Argungu, sunan jihar ya ɗaukaka. Amma shirin ya yi fama da matsalar rashin biyan bashi, kuma a ƙarshen 2023 bankin ya dakatar da karɓar sababbin buƙatu a irin waɗannan shirye-shirye. Rance yana zuwa ya wuce. Abin da yake zama shi ne sana'ar da ta kafu a hannun mutane.

Ƙasarmu tana ba da dawa da masara da gyaɗa da wake da shinkafa, dajinmu kuma yana da kaɗanya da ɗorawa. Mafi yawansu a buhu suke barin gari da kaka, lokacin da farashi yake ƙasa, su dawo mana a matsayin mai da gari da sabulu da tsada. Ɗauki kaɗanya misali. Iyayenmu mata sun iya aikinta tun daga tsinta da farkon damina har zuwa dafawa, shanya, daka, suya, niƙa da cuɗawa. Kamfanonin cakulan da na man shafawa a duniya suna neman man kaɗanya, har a watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da hana fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida don a sarrafa shi a cikin gida. Abin da yake karya farashin man ƙauye sananne ne: ƙwallon da bai bushe sosai ba, ƙaurin hayaƙi, ƙasa da tsakuwa, da rashin yawan da zai cika mota. Duk waɗannan matsaloli ne da mace ɗaya ba za ta iya magancewa ba, amma mata hamsin masu dandamalin shanya ɗaya, injin niƙa ɗaya da ma'auni ɗaya za su iya.

Saboda haka, in za mu bi abin da tarihi ya nuna, ga inda ya kamata gudummawarmu ta nufa. Da farko a ƙidaya masu sana'ar da suke gari a yanzu, a san abin da suke yi da inda yake yi musu ciwo, a zaɓi sana'a ɗaya ko biyu da suka riga suka yi saiwa. A guji jarabar gina jerin shaguna da katanga a ce an yi unguwar masana'antu, domin an gina irinsu a wurare da dama, ciyawa ta cinye su. Abu na biyu, kuɗin da muka tara ya tafi ga abin tarayya, irin su rijiyar burtsatse, wutar sola, rumbun ajiya da inji, kuma kowa ya biya kuɗin amfani, a ajiye na gyara, a horar da yaran gari biyu ko uku da za su iya kwance injin su mayar. Abu na uku, masu sana'ar su zaɓi shugabanninsu da kansu, su sa ƙa'idar inganci, su hukunta mai algus. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020 tana kusa, a nemi malamanta da ɗalibanta su taimaka da gwaji da horo. A kuma yi rajistar ƙungiyar masu sana'ar, domin hukumomi irin su SMEDAN da Bankin Masana'antu sun fi sauraron jama'a a ƙungiyance.

Abu na huɗu namu ne mu kaɗai, mazauna birane. Mu ne fatoman wannan zamani. A cikinmu akwai mai rumfa a kasuwa, akwai ma'aikacin banki, akwai direban babbar mota, akwai wanda ya san mai sayen kaya a Dawanau ko Legas. Samo wa gari mai saye ɗaya tabbatacce, wanda zai dawo kowace shekara, ya fi kyautar buhun shinkafa ɗari ranar taro.

Ba za a rufe wannan magana ba sai an ambaci tsaro. Hare-haren 'yan bindiga sun taɓa ƙasar Sakaba ƙwarai, kuma ba mu manta da 'yan sa-kai masu yawa da aka kashe a watan Maris na 2022 ba. Mace ba za ta shiga daji tsintar kaɗanya ba in tana tsoron ranta, mai saye ba zai turo mota ba in hanya ba ta da lafiya. Abin da ya hana kakanninmu cin ribar zamaninsu yana neman ya hana mu cin namu. Don haka neman tsaro daga hukuma da neman sana'a ga matasa tafiya ɗaya ce, domin saurayin da yake da abin yi a gari yana da abin da zai kare.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Marinan Kura ba su da digiri, ba su da banki, amma sun sa sunan garinsu a bakin mutanen Sahara, saboda sun tsaya a kan abin da ƙasarsu take bayarwa, sun yi tarayya a kan abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sun kuma tsare amana. Sun durƙushe ne a lokacin da kayan aikinsu ya tsufa babu mai kawo musu sabo. Mu da muka fita muka ga duniya, wannan giɓin ne ya kamata mu cike wa 'yan uwanmu na gida. In taronmu na bana ya tashi da sana'a ɗaya da aka zaɓa, da mutanen da aka ɗora wa alhakinta, da ranar da za su kawo rahoto, to an yi abin kirki. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa albarka a abin da hannuwanmu suke yi.